Tattaki: wanda ya kai gindin Everest bai hau Everest ba

Kwanan baya na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana ba da labarin wani bawan Allah da ya ce "ya yi tattaki ya haye tsaunin Everest." Da hoton da ke yawo tare da labarin ya iso gare ni, sai ga mutumin tsaye kusa da wani ƙaton dutse da aka rubuta wa lamba 5364 da jan fenti, yana murmushi, ba igiya a ƙugunsa, ba tulun iska a bayansa. Wannan dutsen a sansanin gindin tsaunin yake, ta ɓangaren Nefal. Ƙololuwar Everest kuwa tana kan mita 8,849. Tsakanin inda mutumin ya tsaya da inda rediyo ta ɗora shi akwai kusan mita 3,500 a miƙe zuwa sama, kuma a cikinsu ne ake rasa rayuka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, balle ma daga wannan sansanin ko ƙololuwar ba a gani sosai, wasu tsaunuka sun kare ta.

Mutumin bai yi wa kowa ƙarya ba, kuma abin da ya yi ba ƙaramin aiki ba ne. Tattaki ya yi, na gaske. Mai ba da labarin ne ya ga kamar kalmar ba ta isa ba, ya ƙara mata gishiri. Abin da ya dame ni ke nan, domin kalmar nan ta cika ko'ina a 'yan shekarun nan, kuma ana jan ta gaba da baya har ta kusa rasa ma'ana. Ɗan siyasa ya sauko daga mota ya taka daga bakin ƙofa zuwa shataletale, minti goma, masu kyamara na gabansa suna ja da baya, a ce ya yi tattaki. Kamfanin yawon buɗe ido ya loda mutane a bas ya kai su kan tudu su ɗauki hoto su dawo kafin magariba, a tallata shi da sunan tattaki. Wanda ya rataya da igiya a jikin bangon ƙanƙara shi ma a ce tattaki yake yi.

Kowa ya san tafiyar ƙafa ake nufi, ba sai na tsaya a nan ba. Amma a saurari kalmar da kyau. Daga taka ta fito, aka ninka ta: a taka, a sake takawa, a yi ta takawa. Shi ya sa idan dattijo ya ce maka "ka yi tattaki ka zo har nan," godiya yake yi maka a kan nisa da wahala da niyya, cewa takanas ka taso ka ba da ƙafarka da yininka. Idan aka cire nisa da wahala, abin da ya rage ɗan zagaye ne kawai. A harkar tsaunuka kuwa akwai sharaɗi ɗaya da ya ƙaru: kwana a hanya. Mai tattaki yana tashi daga zango ya yada zango a wani wurin, gobe ya ci gaba, haka kwanaki a jere. Wanda ya fita da hantsi ya koma ɗakinsa na otal da la'asar ya sha iska, ya motsa jiki, madalla, amma bai yi tattaki ba.

Abu uku ake cakuɗawa. Na farko shi ne zuwa hutu garuruwan kan tudu, irin su Shimla da Darjeeling da Mussoorie a Indiya, ko Murree a Pakistan, ko Nuwara Eliya a Siri Lanka. Waɗannan garuruwa Turawan mulkin mallaka na Ingila ne suka raya su don gudun zafin fili da cututtukansa. Lissafin mai sauƙi ne: duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi, ga shi Shimla tana kan kusan mita 2,200. A 1864 aka mai da ita babban birnin gwamnatin Turawa ta Indiya na lokacin zafi, duk shekara a kwashi ma'aikata da takardu daga Kalkata, tafiyar sama da kilomita 1,500. Faransawa sun yi irin wannan a Da Lat ta Biyetnam, Amurkawa a Baguio ta Filifin. Mai zuwa waɗannan wurare yau hutu ya je, mota ko jirgin ƙasa ke kai shi, gado ɗaya yake kwana a kai. Na biyu shi ne tattaki. Na uku shi ne hawan tsauni na ƙwararru, wanda ake yi da igiya da gatarin ƙanƙara da takalmi mai haƙoran ƙarfe, ana tsallake ramukan ƙanƙara a kan tsani. Masu neman ƙololuwar Everest sukan shafe makonni shida zuwa takwas a kai, kuma inda mai tattaki ya ƙare tafiyarsa, nan su suke farawa.

Tsawo ba shi ne ke raba na biyu da na uku ba. Kilimanjaro a Tanzaniya mita 5,895 ne, ya ɗara sansanin Everest da sama da mita 500, amma ta hanyoyinsa da aka saba bi da ƙafa kawai ake kai wa ƙololuwa, ba igiya ba gatari. Saboda haka wanda ya hau Kilimanjaro tattaki ya yi har sama. Abin dubawa shi ne ko ƙafa kaɗai ta wadatar, ko sai an sa hannu da kayan aiki da horo.

Kalmar da masu fassara ke mayarwa tattaki, wadda Turawa ke cewa tirekin, tarihinta ya fi ba ni tunani fiye da komai a wannan magana. Asalinta ba ta Ingilishi ba ce. Daga harshen mutanen Holan ta fito, ta bi ta bakin zuriyarsu da suka zauna a Afirka ta Kudu, kuma ma'anarta ta farko ja ce, kamar yadda sa ke jan amalanke. Tun daga wajen 1835 dubban waɗannan zuriya, da ake kira Turawan Bowa, suka ɗora iyalansu da kayansu a kekunan shanu suka bar yankin Kef suka nausa arewa don gudun mulkin Ingila, suka shiga ƙasashen Zulu da Ndebele, aka zubar da jini mai yawa. Wannan ƙaura ce ta shigar da kalmar cikin Ingilishi. To ka ga bambanci: tamu kalmar daga tafin ƙafar mai tafiya ta tsiro, tasu kuwa daga wuyan abin da ke jan kayansa. Kuma wannan tambayar, wa ke ɗauke da kayan, ba ta taɓa rabuwa da harkar ba.

Kafin layin dogo ya iso Shimla a 1903, yana ratsa ramukan dutse sama da ɗari cikin kilomita 96 daga Kalka, da yawa daga matan Turawa da 'ya'yansu a kan kujera ake ɗaukar su, maza huɗu sun saɓa a kafaɗa suna haurawa. A cikin garin ma keken da mutane ke ja da hannu shi ne abin hawan manya. Da Nefal ta buɗe ƙofarta ga baƙi a wajen 1950, sai wani tsohon hafsan sojan Ingila mai suna Jimmy Roberts, wanda ya yi aiki da sojojin Gurka, wato 'yan Nefal da ke rundunar Ingila, ya kafa kamfani a Katmandu a 1964, ya fara kai baƙi yankin Everest a 1965. Dabararsa ita ce baƙo ya yi tafiyar da ƙafarsa, amma tanti da abinci da tukwane da jakarsa wasu ne za su ɗauka. A kan wannan tsarin sana'ar take har gobe, sai dai yanzu ƙananan masaukai sun maye gurbin tanti a manyan hanyoyi.

Duk wanda ya bi hanyar Lukla zuwa Namche, zangunan farko na hanyar zuwa gindin Everest, zai ga masu ɗaukar kayan nan. Ɗan dako ya ɗora kwandon gora a baya, igiyar kwandon ta zagayo goshinsa, ya sunkuya, idonsa na kan duwatsun da zai taka. A hannunsa akwai gajeriyar sanda mai faɗin kai. Idan numfashi ya ƙare masa ba ya sauke kaya, sai ya soka sandar ƙarƙashin kwandon ya jingina, ya ja iska sau biyar ko shida, ya ci gaba. A bakin hanya an gina dakalin dutse daidai tsawon ƙugu, don mai kaya ya ɗora nauyinsa ba tare da ya durƙusa ba. Masu ɗaukar wa baƙi jaka an iyakance musu nauyi, amma masu kai wa shaguna da masaukai kaya, buhuna da katako da tulun gas, wasunsu na ɗaukar abin da ya fi nauyin jikinsu. Rediyo kan kira su duka Sherpa, kamar sunan aiki ne. Sherpa ƙabila ce mai harshenta, sunan na nufin mutanen gabas, kuma daga cikinta Tenzing Norgay ya yi suna, wanda shi da Edmund Hillary suka fara taka ƙololuwar Everest ran 29 ga Mayu, 1953. Da yawa daga 'yan dakon hanyar kuwa 'yan ƙabilar Rai ne ko Tamang, waɗanda suka hauro daga ƙauyukan ƙasa-ƙasa neman abin kai wa gida. Ni a ganina, idan za a yabi wani da tattaki a kan wannan hanya, su ne a gaba. Ban ce kada a ɗauki ɗan dako ba, aikin nan shi ke riƙe da gidaje da yawa. Na ce a ambace shi, a biya shi haƙƙinsa, a tabbatar yana da takalmi da rigar sanyi da wurin kwana.

Wani zai ce duk wannan ai ƙwaƙule-ƙwaƙulen kalma ne. A'a, magana ce ta rai. Wanda ya ji ana kiran yawon bas tattaki, ranar da ya ga tallar tattakin Everest zai ɗauka duk kanwar ja ce, ya tafi da shirin ɗan hutu. Daga Lukla, mai tsawon mita 2,860, zuwa sansanin gindin tsaunin kusan kilomita 65 ne. A fili lafiyayyen mutum zai cinye wannan cikin kwana biyu ko uku. A can kwana takwas ake ba shi, kuma ba don ƙafa ta gaza ba. Jini ake jira. A wajen mita 5,500 kowane numfashi kusan rabin oksijin da yake kawowa a bakin teku yake kawowa, jiki kuwa sai a hankali yake sabawa. Shi ya sa likitocin tsauni ke cewa idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a huta yini guda. Shi ya sa ake kwana biyu a Namche, a kan mita 3,440, ko da mutum yana jin ƙarfi. Ciwon yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Idan aka yi taurin kai aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya fara tangaɗi yana maganar da ba kai. Babban maganinsa sauka, ko da tsakar dare ne. Ciwon ba ruwansa da ƙuruciya ko ƙarfin jiki, hasali ma matasa majiya ƙarfi sukan faɗa masa saboda sauri. Ja-gororin Kilimanjaro kalma ɗaya suke maimaita wa baƙi daga safe har dare da Suwahili, "pole pole", wato sannu sannu.

Ga kuma yanayi. A watan Oktoba na 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da matafiya a yankin Annapurna na Nefal, musamman a mashigar Thorong La mai mita 5,416, sama da mutum 40 suka rasu, baƙi da 'yan ƙasa. Yawancinsu ba masu igiya da gatari ba ne. Masu tattaki ne a kan hanyar da dubban mutane ke bi duk shekara.

Ta ɓangaren siyasa kuwa, ba laifi ba ne a kira tafiyar neman haƙƙi tattaki, in ta cika sharaɗi. Ran 12 ga Maris, 1930, Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya tashi daga kusa da Ahmedabad da mutum 78, yana da shekara sittin, ya yi kwana 24 yana tafiya kusan kilomita 385 zuwa Dandi a bakin teku, yana kwana a ƙauyuka, don ya karya dokar gishiri ta Turawa. Ƙafarsa ce ta yi masa magana. Idan wannan sunansa tattaki, to na minti goma zuwa shataletale a nemo masa wani suna, ko a ce gangami, ko jerin gwano, kalmomin ba su ƙare ba.

Da ni ne mai karanta labarin nan a rediyo, da na ce mutumin ya yi tattaki na kwanaki daga Lukla har sansanin gindin Everest, a kan mita 5,364, kuma da na tambaya su wa suka raka shi. Yawancin masu ɗaukar hoto a jikin dutsen nan ƙaramar jaka ce kawai a bayansu, mai ruwa da rigar sanyi. Babbar jakar tana can Gorak Shep, zango na ƙarshe, tafiyar kusan awa biyu a baya, inda wanda ya ɗauko ta tun daga Lukla yake zaune yana jiran gari ya waye ya sake ɗora ta a goshi su gangara.