Ƙananan gidajen rediyo

Ƙananan gidajen rediyo su ne tashoshin da ke watsa shirye-shirye da ƙarfi kaɗan, yawanci daga ƙasa da wat ɗaya zuwa wat 100, ta yadda muryarsu ba ta wuce unguwa, ƙauye, harabar jami'a ko ƙaramin gari. Akan haɗa su a rukuni ɗaya da tashoshin da aka kafa don wasu masu sauraro na musamman, kamar rediyon asibiti, rediyon ɗalibai, tashoshin addini, na baƙi masu magana da wani harshe, da na sanar da matafiya halin da hanya take ciki. Babu ma'auni ɗaya da duniya ta amince da shi. Abin da wata ƙasa ke kira ƙaramar tasha, a wata ƙasar ya fi ƙarfin abin da doka ta yarda a kunna. A ƙasashe da dama, lasisin irin waɗannan tashoshi ya samu ne bayan an daɗe ana watsa shirye-shirye ta bayan fage, hukuma na kamawa, masu yi na komawa.

Tarihi

Akan fara ba da labarin rediyon al'umma daga Latin Amurka. A 1947 wani limamin Katolika, José Joaquín Salcedo, ya kafa Radio Sutatenza a wani ƙauye na Kolombiya don koya wa manoma karatu da rubutu. A wajajen ƙarshen shekarun 1940 kuma ma'aikatan haƙar kuza na Bolibiya suka fara buɗe tashoshinsu da kuɗin da suke cirewa daga albashinsu, kuma sojoji sun sha rufe su a lokutan juyin mulki.

A Birtaniya abin ya biyo ta teku. Tashar Radio Caroline ta fara aiki a 1964 daga cikin jirgin ruwa da aka tsayar a wajen iyakar ruwan ƙasar, inda dokar lasisi ba ta kai ba. Ba ƙaramar tasha ba ce ta fuskar ƙarfi, amma ita ta nuna cewa akwai ɗimbin masu sauraro da BBC ba ta kula da su ba. Majalisa ta yi doka a 1967 da ta haramta wa 'yan ƙasa yi wa irin waɗannan jirage aiki ko kai musu talla da kaya, kuma a watan Satumba na shekarar BBC ta buɗe Radio 1, ta ɗauki wasu daga cikin masu gabatarwar da suka baro teku. Daga baya harkar bayan fage ta dawo tudu, ta koma kan rufin dogayen gidaje na Landan, inda ake ɓoye na'urar watsawa nesa da ɗakin da ake magana. An yi gwajin rediyon al'umma a 2002, dokarsa ta fito a 2004. Ita kuwa Caroline sai a 2017 ta samu lasisin matsakaicin zango, wato AM, a kan kilohaz 648, mitar da sashen BBC na duniya ya daɗe yana amfani da ita.

A Amurka ne aka fi yin doguwar taƙaddama. Tun 1948 hukumar sadarwa ta FCC ta ba makarantu damar kafa tashoshin FM masu wat 10, amma a 1978 ta daina ba da sababbin lasisi na wannan aji. Giɓin da aka bari ne masu bayan fage suka cike. A wajajen 1987 wani makaho mai fafutuka, Mbanna Kantako, ya fara watsa shirye-shirye da na'ura mai kimanin wat ɗaya daga gidansa a wata unguwar talakawa ta Springfield a jihar Illinois, ya kuma ƙi biyan tarar da aka ci shi. A 1993 Stephen Dunifer ya buɗe Free Radio Berkeley a Kalifoniya, shari'arsa da FCC ta ɗauki shekaru. Wasu da suka fito daga wata tashar bayan fage a Philadelphia suka kafa ƙungiyar Prometheus Radio Project a 1998 don neman a halatta abin. A watan Janairun 2000 FCC ta ƙirƙiro ajin ƙananan tashoshin FM. Ƙungiyar manyan gidajen rediyo ta NAB da rediyon jama'a na ƙasa, NPR, suka ce sababbin tashoshin za su shiga cikin nasu, majalisa ta sa doka a shekarar da ta tilasta barin tazara mai faɗi tsakanin mitoci, abin da ya kusan rufe ƙofa a manyan birane. Binciken da kamfanin MITRE ya miƙa a 2003 bai ga wata katsalandan ta a zo a gani ba, amma sai a Janairun 2011 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta sassauta tazarar. An buɗe karɓar takardun nema a 2013, aka sake buɗewa a Disambar 2023.

A Afirka, tashar Homa Bay ta Kenya, wadda UNESCO ta tallafa wa a 1982, ana yawan ambatonta a matsayin ta farko, ko da yake ba ta yi fiye da shekara biyu ko makamancin haka ba. Bush Radio ta Cape Town ta hau iska ba lasisi a 1993, aka kwashe kayanta, ta samu lasisi a 1995.

Mitoci

Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedkwata a Janiba, ita ke raba zangunan rediyo, kuma ta kasa duniya yanki uku: Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya a na farko, nahiyoyin Amurka a na biyu, sauran Asiya da tsibiran Fasifik a na uku. Kowace ƙasa kuma tana raba nata kason a cikin gida.

Zangon FM a yawancin ƙasashe ya tashi daga megahaz 87.5 zuwa 108. Japan ta bambanta, nata yana farawa ne daga 76, kuma tsoffin ƙasashen Tarayyar Sobiyet sun daɗe suna amfani da 65.8 zuwa 74. A Amurka tazarar tasha da tasha kilohaz 200 ce, shi ya sa lambobinsu ke ƙarewa da mara, kamar 88.1 da 88.3, kuma an keɓe 88 zuwa 92 ga tashoshin da ba na kasuwanci ba. A matsakaicin zango tazarar kilohaz 10 ce a nahiyoyin Amurka, 9 a sauran wurare.

Sau da yawa ƙananan tashoshi sukan samu gefen zango ne. A New Zealand an bar musu ɗan wuri a ƙasan FM da wani a samansa. A Ostireliya akwai 87.6 da 87.8 da 88.0, inda ake jin sakamakon tseren dawaki, bayanan yawon buɗe ido da wa'azi. Tashoshin sanar da matafiya na Amurka, waɗanda aka amince da su a 1977, an fi saninsu a kan kilohaz 530 da 1610 da ƙarfin wat 10. Gefen sama yana da haɗarinsa, domin daga megahaz 108 zangon jiragen sama ya fara, kuma na'ura mai arha da ba ta da matata mai kyau takan zubar da sigina can. Wannan ce hujjar da hukumomi suka fi kawowa idan za su kama masu bayan fage.

Kama tasha

Siginar FM kusan a miƙe take tafiya, kamar haske. Saboda haka tsawon turken eriya ya fi yawan wat tasiri. Eriya mai tsawon mita 30 tana hango nisan kilomita 22 ko kusa da haka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma inda tasha mai wat 100 ke fita tangaran a Amurka ana ƙiyasta shi da kilomita 5.6 kawai. Dutse, kwari da gine-ginen kankare suna rage wannan. Ko a fili fetal, sai an ninka ƙarfi aƙalla sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu.

Akwai wata ɗabi'a ta akwatin FM da ke cutar ƙananan tashoshi: idan sigina biyu suka haɗu a kan mitar watsawa iri ɗaya, akwatin yakan riƙe mai ƙarfin ya danne ɗayar gaba ɗaya, ba ya gauraya su kamar yadda AM ke yi. Akwati mai arha kuma ba ya iya raba tashoshi biyu da ke maƙwabtaka. Rediyon mota ya fi na hannu kamawa. Mai sauraro a bakin iyakar tasha yakan samu sauƙi idan ya zare eriya zuwa kimanin santimita 75, wato rubu'in tsawon igiyar rediyo a megahaz 100, ya matsa kusa da taga, ya kuma sauya daga sitiriyo zuwa murya ɗaya, domin sitiriyo na buƙatar sigina mai ƙarfi kafin shuuwar ta ɗauke. Wasu ƙananan tashoshi da gangan suke watsawa da murya ɗaya saboda haka.

Matsakaicin zango yana canjawa da faɗuwar rana. Da dare wani ɓangare na sararin samaniya da ke shanye siginar da rana yakan gushe, sai tashoshi masu nisa su dawo ƙasa su lulluɓe ƙaramar tasha a garinta. FM ma wani lokaci yanayin iska kan ɗauke ta ɗaruruwan kilomita. Akwai masu sha'awar farautar irin wannan, suna rubuta wa tasha ranar da lokacin da suka ji ta, ita kuma ta aiko musu da katin tabbatarwa.

Lasisi

A Amurka lasisin ƙaramar FM na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ne, makarantu, wuraren ibada da hukumomin kiyaye lafiyar jama'a, kuma mutum ɗaya ba ya samu da sunansa. Iyakar ƙarfi wat 100 ne da turken eriya mai tsawon mita 30. An tanadi aji mai wat 10 a 2000, amma ba a taɓa ba da shi ba. Ba tare da lasisi ba, doka ta yarda da abin da bai wuce miliwat 100 ba a AM da eriya mai mita 3, a FM kuma abin da da ƙyar ya fita daga gida. Dokar 2020 ta ɗaga tarar masu bayan fage zuwa dala 100,000 a rana, har zuwa dala miliyan 2.

A Birtaniya hukumar Ofcom ke ba da lasisin al'umma na shekara biyar, galibi wat 25 don kewayen kilomita 5. Akwai kuma lasisin wucin gadi na kimanin kwana 28, wanda bukukuwa da tashoshin watan Ramadan ke nema. Indiya ta buɗe ƙofa bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1995 cewa iskar watsa shirye-shirye dukiyar jama'a ce. Anna FM ta Jami'ar Anna a Chennai ta fara a 2004, aka shigar da ƙungiyoyi masu zaman kansu a 2006, da sharaɗin ba za su haɗa labaran kansu ba. Dokar Burazil ta 1998 ta tsaya a wat 25. Japan ta fara a 1992 da FM Iruka a Hakodate, iyakarta a al'ada wat 20, kuma bayan girgizar ƙasar 2011 ta ba garuruwan da abin ya shafa lasisin gaggawa. New Zealand ta fi kowa sauƙi: wat ɗaya, ba takardar nema, ba kuɗi, amma kuma ba kariya idan wani ya hau mitarka.

Ana ci gaba da saɓani kan talla. Manyan tashoshi na ganin rage musu kasuwa ake yi, ƙanana na cewa ba za su rayu da gudummawa kaɗai ba.

Dijital

Birtaniya ta gwada ƙaramin tsarin rediyon dijital na DAB a 2015, ta fara karɓar takardun neman lasisinsa daga 2020. Norway ta kashe FM na tashoshin ƙasa a 2017, amma ta bar na ƙananan garuruwa. Ƙananan tashoshi da yawa yanzu suna watsawa ta intanet tare da ta iska.