Tasirin Yanayin Rayuwa da Tattalin Arziki a Lafiyar Maza Baƙar Fata

Masana kiwon lafiyar al'umma sun daɗe da lura cewa sana'ar mutum, abin da yake samu, unguwar da yake zaune, iliminsa da nisan gidansa da asibiti suna da hannu a tsawon kwanansa fiye da yadda ake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti kan wannan a 2005 ƙarƙashin Farfesa Michael Marmot, ya kuma miƙa rahotonsa a 2008. Batun ya fi fitowa fili a kan maza baƙar fata, domin a wasu ƙasashe suna cikin waɗanda ke kan gaba wajen mutuwa da ƙuruciya.

Jini ko muhalli?

An sha jingina yawan hawan jini a tsakanin baƙaƙe ga gado. Binciken da Richard Cooper da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya raunana wannan ra'ayi. Sun auna mutane masu tushe ɗaya, suka sami hawan jini a jikin kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Asali ɗaya ne. Abinci, ƙiba da matsin rayuwa ne suka bambanta.

A Amurka, a 2019, ana sa ran baƙin namiji ya rayu shekara 71 da 'yan watanni, fari kuwa 76. Dalilan sun haɗa da ware baƙaƙe a unguwanni marasa galihu, rashin inshora, yawan ɗaurin kurkuku da kisan bindiga. Akwai kuma rashin yarda da likitoci, wanda ke da tarihi: daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiyar ƙasar ta bibiyi baƙaƙen maza 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee ba tare da yi musu magani ba, har bayan samuwar fenisilin.

Halin da ake ciki a Sakkwato

A nan launin fata ba shi ne ke raba mutane ba, aljihu ne. Ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta sa jihar Sakkwato a sama, da kusan kashi 91 cikin ɗari na mutanenta cikin talauci. A Najeriya kuma, fiye da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita.

Ga ɗan kabu-kabu, lebura ko mai tura baro a kasuwa, zuwa asibiti asara biyu ce: kuɗin kati da gwaji, da kuma cefanen ranar da bai fita nema ba. Mace tana haɗuwa da ma'aikacin lafiya a wurin awon ciki da rigakafin yara. Magidanci ba shi da irin wannan ƙofa, sai ya tsaya a kemis ya sayi maganin ciwon jiki. Waɗannan magunguna, irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka maishe su abin kullum suna ƙara hawan jini, suna cin ciki, suna lalata ƙoda. Haɗarin ya fi tsanani tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mai aikin ƙarfi yana zufa ba ya shan isasshen ruwa.

Hawan jini shi ne babban misali, domin yakan yi shekaru ba alama. Ana tabbatar da shi ne idan awo ya kai 140/90 ko sama a ranaku daban-daban. Maganinsa, kamar amlodipine, ƙwaya ɗaya ce a rana, ba ya cikin masu tsada. Inda ake samun matsala shi ne a wata na biyu ko na uku: kuɗi ya ƙare, ko mutum ya ji garau ya daina sha, ko ya tafi cin rani kudu bai ɗauki takardarsa ba. Jinin ya koma sama a ɓoye. Da yawa ba a sake ganinsu sai a sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, da shanyewar ɓarin jiki ko ƙoda ta gaza. Zaman wankin ƙoda ɗaya ya fi kuɗin ƙwayoyin watanni, ana kuma buƙatarsa sau biyu zuwa uku a mako.

Kowace sana'a da nata. Masunta da manoman fadama da ke wuni cikin ruwa a yankunan Goronyo da Wurno suna fuskantar tsargiya. Fitsarin jini da wasu ke ɗauka alamar balaga ce wannan cutar ce, maganin praziquantel na kashe ta, idan aka bar ta kuma tana iya kai wa ga sankarar mafitsara. Masu feshin gona ba safar hannu ba takunkumi suna shaƙar guba. Wasu masu aikin ƙarfi suna shan tramadol don su daɗe ba gajiya, har ya zame musu jaraba. Irinsu na cikin waɗanda ake kai wa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Sankarar furostet

Furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wuri ne da gado ke da ƙarfi a cikinsa. A Birtaniya, ɗaya cikin baƙaƙen maza huɗu zai kamu da sankararsa, alhali a sauran maza ɗaya cikin takwas ne. Amma ko za a gano ta da wuri, wannan ya rataya ga hali da sani. Ana ba baƙin namiji shawarar tuntuɓar likita kan gwajin jini na PSA tun daga shekara 45. Kunyar faɗin matsalar fitsari kan sa dattijo ya yi shiru har sai fitsarin ya tsaya cak.

Abin da aka gwada

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta rajista ga kowane ɗan Najeriya, sai dai mai albashi ya fi saurin shiga fiye da mai neman na yau. A Los Angeles, wani gwaji da aka wallafa a 2018 ya kai awon hawan jini shagunan aski 52 na baƙaƙe. Inda wanzami ya tsaya ga ba da shawarar ganin likita, awon sama, wato lambar farko a awon hawan jini, ya sauka da maki 9 cikin wata shida. Inda masanin magunguna ya riƙa zuwa shagon yana aunawa yana daidaita ƙwaya, ya sauka da maki 27.