Kulawar Sassauta Ciwo Ba Sallamar Majiyyaci Ba Ce

A Sakkwato, idan likita ya ce ciwon daji ya daina jin magani, dangi sukan ɗauka an sallame su ke nan, sai su naɗe tabarma su koma gida, majiyyaci ya kwana yana nishi har asuba. Wannan kuskure ne mai ciwo. Kulawar sassauta ciwo, wadda wata likita 'yar Birtaniya, Cicely Saunders, ta buɗe wa asibiti na musamman a Landan a 1967, ana iya fara ta tun ana cikin neman waraka. Mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, idan likita ya auna shi daidai ba ya gaggauta ajali; raɗaɗi yake kwantarwa, har mutum ya samu natsuwar yin salla, ya faɗi basussukan da ake bin sa, ya bar wasiyya a gaban 'ya'yansa.