Mai ciwon zuciya da motsa jiki: amsoshin da nake maimaitawa kullum

Kusan kowace rana sai an yi mini waɗannan tambayoyin a ɗakin duba marasa lafiya. Ga su a rubuce, don Allah a karanta wa Baba da Hajiya a gida.

Mai ciwon zuciya zai iya motsa jiki?

Zai iya, kuma ya kamata. Yawan kwanciya ƙara kashe masa jiki yake yi. Amma ya fara shaida wa likitan da ke duba shi.

Wane iri?

Tafiya da ƙafa. Ba sai an sayi wata na'ura ba.

Ni fa ina shara da girki, bai isa ba?

Bai isa ba, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Wadda ta daɗe ba ta fita ta fara da minti biyar ko goma, ko da zagaya tsakar gida ne.

Yaushe zan tsaya?

In ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ko jiri ya kama ka, ko zuciya ta soma bugawa ba tsari, tsaya ka zauna. In bai lafa ba cikin minti biyar, a kai ka asibiti, ban ce kemis ba. Na gaji da jin "ai na ɗauka olsa ce".

Ta yaya zan san na yi yawa?

In kana tafiya kana iya hira, daidai ne. In haki yana yanke maka magana, rage. Kada ka dogara da ƙirga bugun zuciya in kana shan atenolol ko bisoprolol, don aikinsu ke nan, rage bugun.

Na biya kujerar Hajji, zan iya aikin?

Nan kam ba ni da amsa guda, Alhaji, ya danganta da irin ciwon. Wanda aka buɗe wa jijiyar zuciya shekara biyu da suka wuce, yana harkokinsa lafiya, daban yake da wanda ƙafarsa ke kumbura, sai ya jera filo uku kafin ya iya barci. Na biyun nan sau da yawa nakan ce ya dakata, ko da zai ji haushina.

Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kilomita 3. Ga ɗawafi, ga tattaki daga tantunan Mina zuwa wurin jifa, cikin zafin da kan wuce digiri 45. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum fiye da 1,300 ne suka rasu, da yawa saboda zafi. Don haka ka fara gwada kanka tun saura wata uku: bayan sallar asuba ka fita, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. In kilomita 3 ta gagare ka a unguwarku da sanyin safiya, to a can keke za a tura ka, kuma ba abin kunya ba ne. Annabi (SAW) kansa ya yi ɗawafi a kan raƙumi. Sassarfa kuwa ka bar wa masu ƙarfi, jifa kuma ka tambayi malaminka hukuncin wakiltawa.

Ko da gwajin ya yi kyau, ba na ba da tabbaci. Mai shan maganin fitsari irin furosemide, zafi da gumi na iya ƙarar masa da ruwan jiki har jininsa ya faɗi. Kada ka rage maganin da kanka. Ka zo kafin tafiya a auna ka, a duba zuciyar, mu tsara yadda za ka sha. Kwantar da hankalinka, da yawa sun je sun dawo lafiya.

In na saba da tattaki, zan iya daina magani?

A'a. Ci gaba da sha.