Waiwaye: Yadda matsalar muhalli ta girma tare da Maraɗi

Tsofaffin Maraɗi har yau suna ba da labarin ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, garin da Katsinawa suka zauna tun zamanin sarkinsu Ɗan Kasawa. Turawan Faransa suka hau da mutane kan tudu, suka yanka filaye kare-kare da tituna miƙaƙƙu, kowane maigida ya tayar da gidansa na laka da ƙarfin iyalinsa. A ganina, tun daga ranar hukuma ba ta sake yin wani aikin muhalli da ya taɓa talakan Maraɗi kai tsaye kamar wannan ba, ko da yake masifa ce ta tilasta shi.

Daga nan garin bai tsaya ba. Cinikin gyaɗa ya jawo mutane, kasuwanci da Kano da Katsina ya yi alhazai, farin 1973 da na 1984 suka koro manoma da makiyaya daga karkara, da yawansu ba su koma ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum dubu arba'in da 'yan kai. A 1988 sun haura dubu 100, a 2012 kuma sun kai 267,249. Haihuwa ma tana da nata kason, domin binciken lafiya na 2012 ya nuna macen jihar Maraɗi kan haifi 'ya'ya sama da takwas. Gidan da kaka ya gina wa mutum goma, yau jikoki ne ke raba ɗakunansa da matansu.

Gwamnati ba ta rasa dabaru a takarda ba. Akwai kamfanin SONUCI mai gina gidaje tun shekarun farko na 'yancin kai, akwai dokar manufar muhalli ta 1998, aka kuma buɗe Bankin Muhalli na Nijar a 2018. Sai dai duk waɗannan ƙofofi ɗaya ce mabuɗinsu: albashi mai shiga banki duk wata, wanda za a riƙa cire bashin daga ciki. Malamin makaranta ko jami'in duwan (kwastan) na iya shiga layi. Ɗan kabu-kabu fa? Mai tura baro a babbar kasuwa, ko bazawarar da ke tuyar ƙosai tana riƙe da marayu biyar? Su ne mafi yawan garin, kuma gidan rangwame bai taɓa sanin sunansu ba. Bikin ranar Jamhuriya na 2015, wato Maraɗi Kwalliya, ya kawo kwalta da gine-gine, garin ya yi kyau, amma ɗan haya bai ga sauƙi a ƙarshen wata ba.

Abin da ya rage wa talaka shi ne fili. Shi ma ya zama haja. Ana yanka gonakin gefen gari a yi lotisma, wato a raba su fuloti-fuloti, masu hali su saye da yawa su ajiye suna jiran tsada, manomin da aka karɓi gonarsa ya ƙare a gidan haya. Buɗe jami'a a 2010 ya ƙara masu neman ɗaki. Wanda ya kasa duka sai ya gangara inda ruwa ke kwanciya ya gina da laka, wato wurin da aka gudo a 1945.

A ƙarshen watan Agustan 2024 ruwan sama na 'yan sa'o'i ya rusa gidaje a cikin garin, aka rasa rayuka, iyalai suka kwana a ajujuwan makarantu. Gwamnati ta rage farashin siminti a wannan shekarar, abin a yaba ne. Amma mutumin da ɗakinsa ya faɗi a bakin kwari, ko an ba shi simintin kyauta, a wannan kwarin zai sake ɗora tubali, domin ba shi da fili a kan tudu.