Babu dokar da ta ce tsoho ya bar sharhin ƙwallo

Duk lokacin da aka daina jin wata tsohuwar murya a shirin wasanni na rediyo, sai maganganu su tashi a majalisu da gidajen kallo. Wani ya ce an kore shi, wani ya ce ya saɓa da manaja ne. Akwai ma masu rantsuwa cewa hukumar NBC ta hana duk wanda ya kai shekara 60 riƙe makirfo. Wannan ta ƙarshen ba gaskiya ba ce. NBC, wadda aka kafa a 1992, tashoshi take bai wa lasisi, tana kuma sa ido kan abin da suke watsawa. Shekarun mai gabatarwa ba huruminta ba ne.

Abin da ke raba yawancin waɗannan mutane da aiki shi ne dokar aikin gwamnati, wadda ta hau kan masinja da akanta da mai sharhin ƙwallo baki ɗaya. Ma'aikacin tarayya zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki. Ta shafi ma'aikatan NTA da Rediyon Tarayya da Muryar Najeriya, kuma tashoshin jihohi galibi irin ma'aunin suke bi. Mai aiki a tasha mai zaman kanta ba ruwansa da ita, abin da ya sa wa hannu da mai tashar shi ne alƙali.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne sharaɗin da ke manne da ita: duk wanda ya riga zuwa a cikin biyun, shi za a ɗauka. Mutane suna jin 60 sai su tsaya a nan. To a ɗauki yaron da ya gama sakandare ya samu aiki a gidan rediyo yana da shekara 20. Ya fara da ɗaukar rikoda yana bin manya filin wasa, ya koyi kama sunan ɗan wasa daga lambar rigarsa tun daga saman benci, har ya kai ga shi ke sharhi in Kano Pillars na wasa a filin Sani Abacha. Ranar da ya cika shekara 35 a aiki, shekarunsa 55 kacal, kuma dole ya tafi. Abokinsa da ya tsaya karatu ya kama aiki yana da 30 zai zauna har 60. Masu sauraro sai su ga an sallami ƙarami an bar babba, su ce akwai lauje cikin naɗi. Alhali lissafi ne kawai daga ranar da ke jikin takardar kama aiki.

Akwai kuma wa'adin shekara takwas ga mai muƙamin darakta, wanda aka dakatar a 2016 aka dawo da shi a 2023. Wannan ma yakan fitar da mutum kafin 60.

Ga mai tunanin rage shekaru, gara ya haƙura. Ranar haihuwar da aka rubuta wa ma'aikaci lokacin ɗaukarsa ba ta canzuwa, ko ya kawo sabuwar takardar rantsuwa daga kotu. Sauya bayanan fayil yana cikin manyan laifuffukan da hukuncinsu kan kai ga kora. Kora kuwa ba ritaya ba ce: mutum ya yi shekara talatin da ɗoriya ana jin muryarsa, ya ƙare da tabo saboda neman ƙarin shekara biyu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ritayar ta kujerar gwamnati ce, ba ta murya ba. Wanda ya ajiye aiki yana iya komawa tasha mai zaman kanta, ko tsohuwar tasharsa ta ɗauke shi kwantiragi, ko ya buɗe shafinsa a YouTube, fanshonsa na tafiya.

Ni dai ina ganin sharaɗin shekara 35 bai yi wa wannan sana'a adalci ba. Sharhi aiki ne da ke nuna da daɗewa. A Ingila, inda aka soke shekarun ritayar dole a 2011, John Motson ya bar BBC a 2018 yana da shekara 72, Martin Tyler kuma ya bar Sky Sports a 2023 yana da 77. Ba kowa ne ke kaiwa haka da kaifinsa ba, gaskiya. In ido ya fara gaza bambance lamba 6 da lamba 8, ko numfashi ya daina bin gudun wasa, masu sauraro ne ke fara ganewa. Amma wannan abu ne da shugaban sashe zai iya aunawa da kunnensa. Kuma gwamnati ta nuna tana iya sassautawa in ta ga dama: farfesoshi suna kaiwa 70 tun 2012, malaman makaranta sun samu 65 ko shekara 40 na aiki a 2022, alƙalan manyan kotuna sun koma 70 a 2023. Ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin na gwamnati suna nan a kan 60 da 35, kuma sai an gyara dokar kafin wani manaja ya iya ƙara wa mai sharhi ko wata guda.