Kasuwancin Shanu da Nono a Gombe da Bauchi

Kasuwancin shanu da nono na cikin manyan hanyoyin samun kuɗi a Gombe da Bauchi, waɗanda jiha ɗaya ce kafin a cire Gombe a 1996. Harkar ta haɗa makiyayi da mai turke da dillali da falke da mahauci da mai tallan nono. Ribarta da asararta kusan duk suna rataye ne a kan abu biyu: abin da dabba za ta ci da rani, da nisan da ke tsakaninta da mai saye.

Shanun da suka fi yawa a yankin su ne Bunaji farare, sai Rahaji jajaye masu dogayen ƙaho, da Bokoloji. A wurin makiyayi garke asusu ne. Ba tashin farashi ke sa shi sayarwa ba, sai lalura: hatsi, magani, aure. Ko a lokacin ma bijimi ko tsohuwar saniya yake kaiwa kasuwa, ya bar karsana don haihuwa.

Kiwon turke

Dabba na ƙiba da damina, ta rame da rani, kuma a wannan giɓin mai turke ke cin abinci. Yakan sayi ramammen sa mai babban ƙashi da araha, ya ba shi maganin tsutsa, ya ɗaure shi a gida wata uku ko huɗu a kan harawa da kowa da dusa da ƙulin auduga, da ɗan gishiri ko kanwa. Abinci ke cinye mafi yawan kuɗin da ake kashewa bayan na saye. Shi ya sa gwanin sana'ar tun da kaka yake tara harawar wake da ta gyaɗa, ya jibge a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya. Wanda ya bari sai bazara yana sayen dami-dami, sau da yawa mai harawa ya yi wa aiki.

Babbar Sallah ita ce kasuwar da kowa ke hari, musamman masu raguna. Sai dai tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka turken da ya faɗo cikin yalwar kaka a wasu shekarun zai faɗo cikin tsadar bazara a wasu.

Kasuwa da hanya

A kasuwanni irin su Tike ta Gombe da ta Azare da ta Alkaleri, ba sikeli ake bi ba, ido ne da hannu. Mai saye ya dafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙori, sannan a shiga tayi. Akan zargi dillali da cin la'ada a ɓagas, amma shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma shi ke tsaya wa mahaucin da ya ɗauki sa bashi sai ya sayar da nama ya biya.

Manyan shanu kuwa tirela suke hawa zuwa Legas da Fatakwal da Inugu. Suna ramewa a hanya, wasu su karye ko su mutu, ga harajin shingaye, ga tsadar dizal. Asarar da ta fi ciwo ita ce, duk bijimin da ya tafi da ransa ya tafi da ƙirginsa da ƙashinsa da kayan cikinsa, har da aikin yi na waɗanda za su sarrafa su. Don toshe wannan ɓaraka aka kafa masana'antar nama ta Bauchi a shekarun 1960, da gandun shanu na Galambi, amma masana'antar ta shafe shekaru masu yawa a tsaye. Safarar yankakken nama na buƙatar wuta da motocin sanyi waɗanda ba sa yankewa.

Nono

A al'adar ruga, nono na mata ne, kuma da kuɗinsa ake cefane. Saniyar gida ba ta cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba bayan ɗan maraƙi ya sha. Da damina nono ya yi yawa, ya faɗi warwas, hanyar ruga ta lalace. Da rani ya yi tsada, shanu kuma sun yi nisa neman ciyawa. Madara ba ta jure 'yan sa'o'i a zafi, don haka kindirmo da man shanu dabarun adana ne kafin su zama kayan marmari.

Babban abokin hamayyar mai ƙwarya a ka shi ne garin madara na waje, wanda masu yogot suka fi so saboda ba ya lalacewa kuma ba ya yankewa. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida, ya janye matakin a 2024. Abin da ya fi amfanar makiyaya shi ne cibiyar tara madara mai injin sanyi kusa da ruga, wadda ke biya a kan lokaci. Barbara da shanun Turai irin Friesian na ƙara nono, amma saniyar da aka samu ba ta jure yunwa da ƙishirwa da kaska kamar Bunaji.

Game da filin kiwo kuwa, dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ce tushen keɓe dazuzzuka irin Wawa-Zange a Gombe, mai faɗin sama da hekta 140,000. Gonaki sun cinye burtali da dama, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo.